Neman taimako: kwafin ajiyata yana katsewa idan udev ne ya tayar da shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana huɗu ke nan ina fama da abu ɗaya, kaina ya kulle.

Ubuntu 22.04 nake amfani da ita. So nake da zarar na jona faifan ajiya na waje ta USB, kwamfutar ta kwashe foldar aikina ta zuba a ciki da kanta. Na rubuta ɗan shirin bash mai kiran rsync (manhajar kwafin fayiloli), na kuma sa wa udev (sashen Linux mai lura da na'urorin da aka jona) doka a /etc/udev/rules.d/ wadda ke gane faifan ta lambarsa ta UUID, ta tayar da shirin da RUN+=.

Idan na kunna shirin da hannuna, tsaf yake gamawa. Amma idan udev ne ya tayar da shi, bayan kamar minti uku sai fitilar faifan ta daina ƙiftawa, aiki ya tsaya cak a tsakiya. Daga baya na fahimci udev ba ya barin dogon aiki, kashe shi yake yi. Don shirin ya ci gaba da aiki a bayan fage, na gwada sa & a ƙarshe, na gwada nohup, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na ranar Talata: shirin ya tashi kafin faifan ya hau (mount), rsync ya juye giga 40 a foldar cikin kwamfutar da faifan ke hawa a kanta, har wuri ya cike.

Shin in mayar da aikin hannun systemd (mai kula da ayyukan bayan fage a Linux) ta SYSTEMD_WANTS ne, ko in ɗaura shi da .mount na faifan? Sannan idan aka fizge faifan ana cikin kwafi, ta yaya shirin zai tsaya ya bar mini saƙo? Wanda ya taɓa haɗa irin wannan don Allah ya nuna mini nasa.