Wa ke riƙe da makarantun gwamnati a Legas, kuma ina ake kai buƙata?

Mazaunin Zango: Assalamu alaikum. Yara biyu za a kawo Agege daga Arewa, ɗaya ɗan aji huɗu na firamare, ɗaya kuma ta gama aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Hedimasta za a samu, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko sai an je sakatariyar gwamnatin jiha a Alausa? Masu sani ku taimaka.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam, Malam. Yaran nan biyu ba ƙofa ɗaya za su bi ba. Firamare tana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, LASUBEB, mai ofishi a Maryland. Ita kuma tana aiki ne ta ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 20, kowanne da sakataren iliminsa. Ku lura, 20 ɗin nan na asali ake bi, ba ƙananan yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙiro daga baya ba, don haka mai zama a Orile-Agege ma ofishin ilimi na Agege ne nasa. Ɗan aji huɗu a fara da hedimasta, a tafi da takardar haihuwa da sakamakon zangon ƙarshe. In ya ce aji ya cika, sai a wuce wajen sakataren ilimi, shi ya san makarantar da ke da gurbi.

Tsohon Firinsifal: Malama ta gama da firamare. Sakandare kuwa, tun 2005 aka raba jihar gundumomin ilimi shida, kowace da shugaba mai muƙamin Tuta-Janar, wanda babban sakatare ne a matsayi. Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye su ne gunduma ta ɗaya, ofishinta a nan Agege yake. 'Yan Mile 12 gunduma ta biyu, ofishinta a Maryland. Obalende ta uku, Falomo. Apapa da Surulere ta huɗu, Sabo-Yaba. Alaba Rago ta biyar, Agboju. Idi-Araba tana cikin Mushin, wato ta shida, Oshodi.

Firinsifal ba shi da ikon ɗaukar yarinyar da kansa, ko da ya so. Sauya makaranta daga wata jiha ta ma'aikatar ilimi da ke Alausa ake nema, a cike fom, a zauna jarrabawar tantancewa, sannan a tura yaro. Aji biyu na ƙaramar sakandare da aji ɗaya na babba ake karɓa, to ta zo a daidai. Za a nemi katin LASRRA na zama a jihar da shaidar biyan haraji ta uba ko mariƙi. Nan ne 'yan kasuwarmu suke makalewa, saboda da yawa ba su taɓa yin rajistar haraji ba, kuma ba abu ne na kwana ɗaya ba. A fara tun lokacin dogon hutu. Wanda ya bari sai an koma a Satumba, yarinya za ta iya zama a gida.

Wani abin da ke ɓata lamari shi ne suna. A takardar haihuwa A'isha Muhammad, a sakamakon makaranta Aishat Mohammed. A daidaita tun yanzu, kafin a zo rajistar jarrabawar aji uku.

Mazaunin Zango: Allah ya saka da alheri. Batun hijabi fa, ranka ya daɗe?

Tsohon Firinsifal: Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuni na 2022 cewa ɗalibai mata za su iya sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. In an samu tirjiya, a rubuta wa firinsifal, a ajiye kwafin takardar, in bai gyaru ba a kai ofishin gunduma. Amma a tabbatar wane firinsifal ne, don ƙaramar sakandare da babba kan zauna a fili ɗaya, kowace da nata shugaban. Sai kuma Yarbanci: darasi ne na dole a dokar jiha ta 2018, gara a samo mata mai koya mata tun kafin a buɗe makaranta.