Lambar nan mai alƙaluma miliyan 41: ta yaya aka tabbatar ba ta rabuwa?

Malam Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da lissafi a sakandare, kuma wani yaro a ajina ya ƙure ni. Na gaya musu cewa a Oktoba 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano lamba mafi girma da aka sani wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, wato 2^136,279,841 − 1. Sai yaron ya ce: "Malam, wa ya zauna ya gwada raba ta da kowace lamba?" Na ce ya bari sai mako mai zuwa. Don Allah a taimaka, kuma ina son abin da za mu iya yi a allo.

Hajiya Binta:
Wa'alaikumus salam Malam. Ba wanda ya gwada raba ta da kowace lamba, da har duniya ta tashi ba a gama ba. Irin waɗannan lambobi, da ake samu in an jera 2 sau da yawa an ninka su sannan an cire 1, ana kiransu na Mersenne, kuma suna da gwajinsu, na Lucas-Lehmer. Ka nuna musu da 2^5 − 1 (2×2×2×2×2 ban da 1), wato 31. Fara da 4, ninka ta da kanta, cire 2: 14. Maimaita: 194, ka raba da 31, saura 8. Maimaita da 8 ɗin: 62, ka raba da 31, saura 0. Sau uku ke nan, wato 5 ban da 2. In ka ƙare da sifili, lambar ba ta rabuwa. Haka aka yi wa babbar, sai dai sau 136,279,839, kuma kwamfutoci ne suka sha wahalar, ƙarƙashin GIMPS, shirin 'yan sa-kai masu neman irin waɗannan lambobi ta intanet. Ita ce ta 52 da aka sani cikin lambobin Mersenne da ba sa rabuwa.

Auwalu:
Ƙari a kan na Hajiya. Yara za su iya gano alƙalaminta na ƙarshe da kansu. Ƙarshen 2, 4, 8, 16, 32 yana zagayawa ne: 2, 4, 8, 6. Raba 136,279,841 da 4, saura 1, don haka tana ƙarewa da 2, ka cire 1, saura 1. Yawan alƙaluma kuwa, ka ninka 136,279,841 da 0.30103, ka yar da ɓurɓushin, ka ƙara 1.

Hajiya Binta:
Auwalu, a kula da wannan 0.30103 ɗin. A nan zai ba ka 41,024,321, ƙari ɗaya. Yi amfani da 0.30102999566, za ka samu 41,024,320, wanda shi ne daidai. Kuma Malam, kada yaran su ɗauka duk lokacin da lambar saman (kamar 5 a 2^5) ba ta rabuwa, to lambar Mersenne ɗin ma ba ta rabuwa. Ba su 2^11 − 1 su lalubo: 2047 ce, 23 sau 89.

Malam Sani:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Zan fara da 31, sannan in miƙa wa mai tambayar alli ya yi mana 127, wato 2^7 − 1, a gaban aji.