Neman kalma: me za mu kira "provenance" a labarin dinarin Rumawa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da rahoto da zai fita a shirinmu na ƙarfe 4 na yamma, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: provenance. Labarin a kan tsabar zinaren nan ne da Brutus ya sa aka buga a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekara biyu bayan shi da abokansa sun kashe Julius Kaisar. A bayanta akwai wuƙaƙe biyu, a tsakiyarsu hula irin wadda ake sa wa bawa idan an 'yanta shi, a ƙasa an rubuta EID MAR, wato 15 ga Maris, ranar kisan. Na zinare guda 3 kacal aka sani. An yi gwanjon ɗaya a Landan a Oktoban 2020 a kan fam miliyan 3.24. Daga baya ta bayyana cewa takardun da suka jingina ta ga wani tsohon gidan masu sarauta na Turai na bogi ne, aka kama dillalin a New York a Janairun 2023, a watan Maris aka mayar wa Girka da ita, don daga can aka ce an fitar da ita ba bisa ƙa'ida ba. Na sa "asali" amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam Malama. Asali ai ya yi. Ko ki ce tushe.

Malamin Tarihi:
Asali ba zai ɗauka ba. Asalin tsabar ba wanda ya yi gardama a kansa, ta gaske ce, Brutus ne ya buga ta. Abin da aka yi ƙarya a kai shi ne hannayen da ta bi kafin ta iso teburin gwanjo. Idan kika ce "an ƙirƙiri asalinta", mai sauraro zai ɗauka jabu ce, kin ga labarin ya juye ke nan. Ki ce tarihin mallaka.

'Yar Damagaram:
A nan wajenmu kalmar ta fi saurin ruɗa mutum, don a Faransanci tana nufin inda abu ya fito kawai, har a jikin kwali ana rubuta ta. Amma a bakin masu kayan tarihi abin da Malam ya faɗa ne. Abu uku ne kada a haɗa su: inda aka ƙera, inda aka tono, da waɗanda suka riƙe.

Almajirin Zaure:
Ni fa ina ganin muna da kalmar tun tuni, isnadi. Wane ya karɓa daga wane, daga wane, har a kai tushe. Idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakani an ce ya yanke, idan wani ya zauna ya tsara sunaye don ya sayar da hajarsa an ce ƙirƙirarre ne. Abin da dillalin nan ya yi ke nan daidai. Duk wanda ya zauna gaban malami zai gane nan take.

Baba Tsatso:
A'a! Isnadi kalma ce ta ilimin Hadisi, ba za a ɗauko ta a ɗora wa kuɗin maguzawan Rum mai ɗauke da kan mutum ba. Sannan wannan ɗabi'a ta ishe ni. Da an rasa kalma sai a ruga Larabci, 'yan boko kuma su ruga Turanci, kamar Hausa marainiya ce. Tarihi Larabci, mallaka Larabci, asali Larabci. Ni na daɗe da ƙirƙiro kalmar wannan abu, SAWUN-HANNU. Ƙafa tana barin sawu a ƙasa, hannu yana barin sawu a kan kaya. Mai binciken kuma mabin-sawun-hannu. Hausa tsantsa, babu aro ko ɗaya.

Malamin Tarihi:
Ranka ya daɗe, sawun hannu ai kowa zai ɗauka zanen yatsa ake nufi, irin wanda 'yan sanda ke ɗauka.

Baba Tsatso:
Za su saba. Kowace kalma da ranar da aka fara jin ta.

Mai Fassara:
Baba na gode, amma minti 3 ne rahoton, babu filin koya wa mutane sabuwar kalma.

Mai Tara Sulalla:
Bari in faɗi yadda ake aikin, wataƙila kalmar ta faɗo da kanta. Kuɗin Rumawa da guduma aka buga su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa babu biyu da suka yi kama sak. Wata gefenta ya ɗan baje, wata hoton ya karkata, wata tana da tsaga kamar gashi inda hatimin ya fara fashewa. Mai bincike zai ɗauki tsabar, ya auna ta a ma'auni mai kama ko ɗigon nauyi, sannan ya zauna da tsofaffin littattafan gwanjo na Faris da Landan da Jamus yana buɗe shafi bayan shafi, yana neman hoton da gefensa da tsagarsa da nauyinsa suka zo daidai da nata. In ya same ta a gwanjon shekarun 1920, to ya samu gaɓa ɗaya. Wani lokaci 'yar takarda ce zagayayyiya da tsohon mai ita ya rubuta da hannunsa ya ajiye a ƙarƙashinta a cikin akwati. Akwai ma waɗanda aka dasa musu wata ƙaramar mikiya ta azurfa a jiki, alamar taskar wani gidan sarauta na Italiya, wasu suna cewa gidan Este, wasu Gonzaga. Ɗaruruwan shekaru ke nan amma alamar tana nan.
Wani abin mamaki, a 1895 an tono tsabar zinare fiye da 1,000 a Boscoreale kusa da Pompeii a Italiya, a gidan da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya. An watsa su kasuwa ba tare da an rubuta su ɗaya-ɗaya ba. Da yawansu sun yi wani ja-ja a jiki saboda yadda suka kwanta a wurin, har yau da wannan launi dillalai ke cewa daga can suke. To ka ga an san inda aka tono, amma hannayen da suka bi sun ɓace. Maganar 'yar'uwarmu ta Damagaram ke nan.
Abin da ya sa ake kashe kuɗi a kan takarda kuwa shi ne yarjejeniyar UNESCO (hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ta 1970 a kan hana safarar kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba. Abin da aka iya nuna ya bar ƙasarsa kafin wannan shekara, gidajen tarihi da manyan masu saye suna karɓarsa hankali kwance, farashinsa ya tashi. Wanda ya ɓullo jiya ba uwa ba uba, zargin tonon sata yana kansa. Saboda haka kalmar da za a zaɓa dole ta zama abin da ke iya tsinkewa, ake kuma iya ƙulla na ƙarya.

Almajirin Zaure:
To ai ka faɗi kalmar da bakinka, gaɓa-gaɓa. Silsila ke nan. Na janye isnadi saboda uzurin Baba yana da ƙarfi. Silsilar mallaka.

Ɗan Kurmi:
Wannan ta zauna. A kara, kasuwar shanu, ma haka ne, ba ka sayen sa sai dillali ya tsaya maka ya ce daga hannun wane ya fito, shi kuma a wajen wane ya saya. In aka zo cigiya, da haka za a bi har a kai kan ɓarawon.

Baba Tsatso:
Silsila kuma! Mun gudu ba mu tsira ba. An bar Larabci an koma Larabci.

Malamin Tarihi:
Allah ya ja da ran Baba, zinaren da muke magana a kai fa? Masana harshe suna danganta zinariya da dinar na Larabci, shi kuma dinar daga denarius na Rumawan nan ya samo suna. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa ya yi kusa da na zinaren Rumawa da ke yawo a lokacin. Kalmar da kakanninmu suka yi ciniki da ita, aka yanka sadaki da ita, ta zama tamu. Idan za mu kori duk abin da ya shigo ta Larabci, ko sallamar da muka buɗe zancen nan da ita sai mun mayar.

Baba Tsatso:
Ku dama 'yan jami'a haka kuke, ku kawo shekaru da sunayen sarakuna ku rufe wa mutum baki. Ni ba digiri gare ni ba, amma na yi shekaru ina sauraron tsofaffi. Wa ya ba ku ikon yanke wa Hausa hukunci? Kalma sai ta fito daga ofis a Kano ko Zariya sannan ta zama kalma?

'Yar Damagaram:
Nan kam Baba yana da gaskiya a wani ɓangare. Sau nawa ake zama a yanke kalma ba a tambayi mutanen Maraɗi ko Tawa ko Damagaram ba, sai dai mu ji ta a rediyo? Mu ma Hausar muke sha da nono.

Bakano Ne Ni:
Hajiya ba raini ba ne, daidaitacciyar Hausa dole ta tsaya a kan wani kari, kuma an riga an tsayar.

'Yar Damagaram:
An tsayar da rubutu, Malam. Ba a ce kalmomin wasu sun zama bare ba.

Mai Fassara:
Don Allah jama'a, ƙarfe 2 ta wuce. A bar maganar Kano da Damagaram zuwa wani zaman. Ga jimlar, ku duba mini: "Masu gabatar da ƙara a New York sun ce an ƙirƙiri silsilar mallakar tsabar, wato jerin hannayen da aka ce ta bi, domin a ɓoye cewa fitar da ita aka yi ba bisa ƙa'ida ba."

Malamin Tarihi:
Ta yi. Amma har yanzu ina ganin tarihin mallaka ya fi sauƙi a kunnen mutumin ƙauye. Shi binciken kuma ki ce bin diddigin mallaka, kada ki ce binciken silsila, za a ɗauka maganar ɗariƙa ake.

Almajirin Zaure:
Tarihi ba ya tsinkewa, Malam, silsila ce ke tsinkewa. Yaya za ka ce "tarihin mallakar ya yanke daga 1930 zuwa 2010"? Ba daɗi.

Mai Tara Sulalla:
Ina bayan silsila. Kuma a riƙe ta da kyau, don ba a kan kuɗin Rum kaɗai za mu buƙace ta ba. Gumakan yumɓu na Nok da aka yi ta tonowa a kudancin Kaduna ana fitarwa a ɓoye, da kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, duk rigimarsu a kan wannan abu take. Shi kuma aureus, sunan da Rumawa ke kiran irin wannan tsabar zinare, Malama, ki ce dinarin Rumawa, kada ki ce kwabo.

Mai Fassara:
Rahoto ya fita, na gode ƙwarai. A ambaton farko na ce silsilar mallaka tare da bayani, na yi amfani da bin diddigi da dinarin Rumawa. Sai dai edita ya ce silsila ta yi nauyi a kanun labari, ya mayar da shi "takardun mallaka na bogi", a wuri biyu kuma ya sa tarihin mallaka.

Baba Tsatso:
Na saurara. Ba laifi, an fahimta. Amma ku lura, da kuka zo bayani "hannayen da ta bi" kuka ce, hannun nan dai nawa kuka koma wa. Ni a rubutuna sawun-hannu zan ci gaba da sawa.

'Yar Damagaram:
Saura wanda ba shi da takarda ko ɗaya. Marar silsila za mu ce, ko mai yankakkiyar silsila? Don ba ɗaya ba ne, kuma ina da darasi a kai ranar Litinin.