Henry: Sunan Turawan Ingila Ne Ko Na Jamusawa?

Bala: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakata, Henry sunan Turawan Ingila ne tun fil azal. Sarakunansu takwas ne suka amsa shi. Wace ƙasa ce ta kamo ƙafarsu?

Malama Hadiza: Malam Bala, yawan masu suna ba ya nuna inda sunan ya fito. Muhammadu nawa ne a Kano, amma ai ba mu ce sunan Hausa ba ne. Tushensa tsohon harshen Jamusawa ne, Haimirich. "Haim" gida, "rich" mai mulki, wato mai mulkin gida. Heinrich na Ɗaya, wato Henry a bakin Jamusawa, ya hau sarautar ƙasar da ta zama Jamus tun 919, Ingila kuwa ba ta yi sarki Henry ba sai 1100. A Jamus ma sarakuna bakwai aka yi masu sunan, Faransa huɗu.

Bala: To ai kakannin mutanen Ingilar, Anglo-Saxon, daga wancan yankin suka ƙetaro. Me zai hana a ce da kayansu suka zo?

Malama Hadiza: Duba sunayen sarakunansu kafin 1066: Alfred, Edgar, Edward, Harold. Babu Henry ko ɗaya. Mutanen Normandi ne suka shigo da shi daga Faransa a matsayin Henri, bayan shugabansu William ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Henry na Ɗaya ɗan William ɗin ne na cikinsa.

Alhaji Garba: Ni kuma na ɗauka daga Baibul yake, don Kiristoci na ga suna sa wa 'ya'yansu.

Malama Hadiza: Ba ya ciki, Alhaji. Abin da ya ƙara masa farin jini a wajensu shi ne cocin Katolika ta sa sarki Heinrich na Biyu na Jamus cikin waliyyanta a 1146.

Bala: Ga wata hujjar. Baturen nan da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta labarin marina da cinikin tufa, Henry Barth ne a jikin littafinsa, kuma gwamnatin Birtaniya ce ta aiko shi.

Usman: Yaya Bala, wannan hujjar Malama ce ka ɗauko. Heinrich Barth aka raɗa masa, a Hamburg aka haife shi a 1821. Bugun Turanci na littafin ne ya mai da shi Henry saboda masu karatu a Landan. Da yake ratsa ƙasashenmu ma Abdulkarim ya kira kansa, haka aka san shi daga Kukawa har Tambutu.

Bala: Duk da haka, wa ya baza sunan a duniya? Henry na Takwas, mai mata shida, wanda ya raba cocin Ingila da Fafaroma a 1534. Yau ko yaro ya ji Henry, Ingila zai tuna, ba Jamus ba.

Malama Hadiza: Bazawa daban, asali daban, kuma asali ka yi da'awa a kai. Abin da za ka iya cewa nasu ne shi ne Harry, don kuwa haka bakinsu ya juya sunan tun zamanin da. Yarima Harry na yanzu ma Henry Charles Albert David ne cikakken sunansa.