Sufabaiza zai tafi hutun shekara, na biyun kuma ya ƙi babi na uku: ina mafita?

Ɗalibar_Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan digiri na biyu ce a wata jami'ar tarayya a nan Najeriya. An kare tsarin bincike, an riga an tattara bayanai, sai ga shi shugaban kwamitin dubawa, wato babban sufabaiza, ya samu hutun shekara guda (sabatika) zai tafi wata jami'a. Mamba na biyu kuma ya ce hanyar binciken da ke babi na uku ba ta yi masa ba, a sake. Shin ɗalibi na da ikon neman a canja masa mai dubawa? Kuma maganar wa ake bi idan sun saɓa?

Tsohon_Kodineta:
Wa alaikumus salam, Malama. Fara da sanin wanda ya naɗa kwamitin, don shi kaɗai ke iya warware shi. Sashe ne ke ba da sunaye ta hannun kwamitinsa na karatun gaba da digiri, a kai tsangaya, daga can a kai hukumar makarantar karatun gaba da digiri ta amince. Duk canjin da bai bi wannan layin ba, ko da shugaban sashe ya faɗa miki da baki, babu shi. Ranar da za a tura kundi waje sai a ga sunan da ke shafin sa hannu ya saɓa da na fayil, takarda ta dawo, a yi asarar wata biyu ko uku kafin hukuma ta sake zama.

Hutun shekara shi kaɗai ba ya sauke malami daga kwamiti. Da yawa suna ci gaba da duba aiki daga inda suke. Abin da za ki yi kafin ya tafi shi ne ki zauna da shi ki ji ta bakinsa: zai ci gaba, ko a sa mai riƙo? Idan riƙo ne, shi ya rubuta wa shugaban sashe. Wasiƙar da ta fito daga malami tana wucewa salin alin. Wadda ta fito daga ɗalibi kuwa, ko babu ƙorafi a cikinta, ƙorafi za a karanta. Idan dole sai ke za ki rubuta, ki rubuta zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodineta, wato malamin da ke kula da harkokin karatun gaba da digiri a sashen, sakin layi ɗaya, dalili ɗaya: tafiyar malam. Ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada ki tsallake zuwa ofishin shugaban tsangaya, sashe za a maido ki, kin kuma ja wa kanki baƙin jini.

Dakta_Ƙididdiga:
Ni batun babi na ukun ya fi damuna, don nan ne ramin yake. Ranar kare tsarin bincike akwai wanda ya rubuta abin da aka tattauna da gyare-gyaren da aka amince da su. Ki nemi wannan takardar a wurin kodineta. Idan zaman ya amince da hanyar binciken, mamba ɗaya ba ya rushe ta shi kaɗai bayan an tattara bayanai. Amma fa ki saurare shi da kyau tukuna. Idan cewa yake yawan mutanen da aka yi wa tambaya bai kai ba, ko gwajin ƙididdigar da aka zaɓa bai dace da irin bayanan ba, to gara ki ji daga gare shi yanzu da ki ji daga mai jarrabawa na waje ranar kare kundi. Sau da yawa gyaran bai wuce canja hanyar nazari ba, ba sai an koma fili ba.

Kuskuren da ɗalibai ke yi shi ne zama ɗan aike: a kai wa wannan babi, ya gyara, a kai wa wancan, ya soke gyaran. Haka za a yi ta yi har takarda ta yi baƙi da jan biro. Ki roƙi shugaban kwamitin ya kira zama ɗaya, ku uku, kafin tafiyarsa. Bayan zaman ki rubuta abin da aka tsayar, layi biyar zuwa shida, ki tura musu duka a saƙo ɗaya. Idan sun kasa daidaitawa, maganar shugaban kwamiti ce a gaba, in ta faskara kwamitin sashe ya raba gardama.

Ɗalibar_Kimiyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan aka sa sabon malami, ba zai ce a faro daga farko ba?

Tsohon_Kodineta:
Zai iya, shi ya sa riƙo ya fi canji, kuma mamba na biyu ake fi ɗagawa tunda ya san aikin. Ki lura da agogo ma. Kowace jami'a na da iyakar zangon da ɗalibi zai yi, tana cikin littafin dokokin makarantar; ki duba taki yau. Ki ci gaba da sabunta rajista kowace shekara ko da rubutu kawai kike yi, don rashin rajista na hana a sa sunanki cikin masu kare kundi. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma irin wannan tsaiko na iya faɗowa a kan kowa, saboda haka kada ki bar tazarar da kike da ita ta ƙare a jiran sa hannu. Ga binciken satar rubutu da ake yi da manhajar Turnitin, ga kare kundi na cikin gida, ga jiran mai jarrabawa na waje ya karanta, duk suna gabanki.

Idan canjin ya zama dole, ki tambayi shekarun wanda za a ba ki cikin dabara. Farfesa na ritaya a shekara 70, sauran malamai a 65. Wanda ya rage masa wata shida zai bar ki a inda wannan ya bar ki.