Neman shawara kan bindiga mai baki biyu ta harbin zabi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mafarauta. Ni mazaunin Kaduna ne, kuma tun bayan kaka nake shirin sauya tsohuwar bindigata mai baki ɗaya, wadda na gada wajen baffana, saboda sau da yawa garken zabi kan tashi gabana, in harba sau ɗaya, kafin in sake ɗura harsashi sun ɓace cikin ciyawa.

Hankalina ya karkata ga mai baki biyu wadda bakunanta ke ɗaya bisa ɗaya, sai dai kuɗina ba su kai na ƙirar kamfanin Beretta ba, don haka zaɓina ya tsaya tsakanin Baikal ta Rasha da Huglu ta Turkiyya. Baikal tana da juriya, amma wadda na ɗaga ta yi mini nauyi, alhali nakan yi tafiyar awa huɗu a daji. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lamba, wato ma'aunin faɗin bakin bindiga: mai lamba 12 harsashinta ya fi samuwa, mai lamba 20 kuma ba ta dukan kafaɗa sosai, ni kuwa kafaɗata ta dama tana ciwo.

Wace bindiga da wace lamba suka fi dacewa da zabi da fakara? Sannan, sauya bindigar yana buƙatar sabon lasisi daga 'yan sanda, ko gyara na yanzu ake yi?