Robar atisaye da kafaɗar yaranmu masu jifa a besbol

Wani uba daga Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 12, shi ke jifa, wato jefa ƙwallo ga mai riƙe da sanda, a ƙungiyarsu ta Little League, gasar besbol ta yara a nan Amurka. Kwanan nan in ya dawo daga wasa sai in gan shi yana dafe kafaɗa. Kocinsu ya ce in saya masa robar atisaye. Ni ƙwallon ƙafa na taso ina bugawa, wannan wasan baƙo ne a wurina. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka mini.

Wata uwa daga Houston:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kafin roba a kai shi likita. Nawa haka ya fara, muka ɗauka gajiya ce, sai hoto ya nuna wurin da ƙashi ke girma a saman damtsensa ne ya taɓu. Wata uku bai taɓa ƙwallo ba, ya yi kuka har ya gode Allah. Sai da ciwon ya lafa sannan likitar gashin ƙashi ta ba shi roba. Ta ce tsoka huɗu ne ƙanana ke riƙe kan ƙashin damtse a cikin gurbinsa, kuma na baya su ke taka wa hannu birki bayan an saki ƙwallo. Shi ya sa su ke fara gajiya.

Wani matashi daga Columbus:
Baba, na yi jifa shekara huɗu a sakandare, kuskuren da na tafka shi ne ɗaukar baƙar robar Theraband mai tauri don a ga ina da ƙarfi. Roba in ta yi tauri, manyan tsokoki ne ke ƙwace aikin, ƙananan da ake nema su zauna banza. Ku fara da rawaya ko ja, masu laushi. A ɗaura ta a shingen fili daidai tsayin gwiwar hannu, ya naɗe tawul ya matse tsakanin gwiwar da haƙarƙari, ya lanƙwasa hannu, ya ja waje, ya dawo a hankali. Dawowar nan ita ce aikin, kada ya bar roba ta fizge shi. Sau 15 ya isa, sai ya juya ya ja ciki. Ku nemi jerin atisayen da ake kira Thrower's Ten, na Kevin Wilk da abokan aikinsa a Birmingham ta Alabama. Har da na allon kafaɗa a ciki.

Wani koci daga Newark:
Gaskiya ne ɗana. Amma Malam, jifa nawa yaron ke yi? Tun 2007 Little League ke ƙidaya: ɗan shekara 11 zuwa 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, in ya kai 66 kuma sai ya huta kwana huɗu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya yi wa ƙungiya biyu wasa, kowane koci na ƙirga nasa kawai. Roba ba ta gyara wannan. Sannan a riƙa duba ta, ta taɓa tsinke wa wani yarona, saura kaɗan ta same shi a ido.

Uban daga Bronx:
Koci, ka taɓo inda yake. Ƙungiya biyu yake yi wa, Asabar nan, Lahadi can, ni ma na amince don na ga yana so. Na tsayar da jifan tun jiya. Hajiya, Litinin za mu ga likita in Allah ya yarda. Na gode ƙwarai.